Kyautar Gwamnati da Bakin Mawaƙi: Gasar Fasaha ta Larduna a Gini, Mali da Nijar



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata irin kyauta wadda ba mu cika yin maganarta ba a azuzuwan adabi, watau lambar yabon da gwamnati kan ba mai fasaha bayan ya ci gasa da sunan lardinsa. Ƙasashen da suka bi tafarkin gurguzu su ne suka fi raya wannan tsari, kuma biyu daga cikinsu, Gini da Mali, 'yan'uwanmu ne na Afirka ta Yamma. Irinsa ya tsiro a ƙasar Hausa ta ɓangaren Jumhuriyar Nijar. Tambayoyi uku za mu bi: me tsarin ya ba mawaƙi, me ya karɓe daga gare shi, kuma me ya rage bayan gwamnatocin da suka kafa shi sun shuɗe? Daga ƙarshe za mu komo gida, mu auna amsoshin da halin da ƙasar Zamfara ta yamma ke ciki, musamman Anka da Gummi da Bukkuyum.

Kyauta a gargajiyance

Kafin mu ƙetare iyaka, ya kamata mu tuna da abin da muka gada. A ƙasar Hausa makaɗi bai san gasa mai alƙalai da takardar sharuɗɗa ba. Abin da ya sani shi ne ubangida. Yakan yi waƙa, a ba shi riga ko doki ko damin hatsi ko gona, daga baya kuma aka shiga ba da mota da kujerar Makka. Ƙasar Zamfara da kewayenta sun yi fice a wannan fage. Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Sa'idu Faru ya lizimci Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Salihu Jankiɗi ya yi zama a fadar Tsafe kafin ya koma wurin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato. Musa Ɗanƙwairo kuwa, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa sarakuna da dama waƙa, ya kuma yi wa Sardauna.

Abin lura a nan shi ne yawan iyayengiji. Fada ba ɗaya ba ce, kuma ba fada kaɗai ke ba da kyauta ba. Manoma suna da makaɗansu, mahauta da maƙera suna da nasu, 'yan dambe suna da irin su Ɗan'anace, mafarauta da 'yan tauri suna da irin su Kassu Zurmi. Idan zama ya yi tsami tsakanin makaɗi da ubangidansa, yana iya ɗaukar kotsonsa ya nufi wata ƙofa. Wannan damar ta ƙaura ita ce 'yancin makaɗin Hausa. Raunin tsarin kuwa shi ne, duk makaɗin da ke zaune a ƙauye kamar Gwashi, wanda muryarsa ba ta kai fada ko gidan rediyo ba, in ya mutu waƙoƙinsa kan bi shi kabari, sai ɗan abin da yaransa suka riƙe.

Gasa mai sharuɗɗa ta fara yin tasiri a adabinmu ne ta hannun hukuma, a 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun daga wannan gasa ta farko ana iya ganin ƙa'idar da za ta bi mu har ƙarshen wannan lacca, watau mai ba da kyauta shi ke tsara kamannin abin da za a kawo masa. East yana bukatar gajerun littattafan karatu domin makarantu, su kuwa aka rubuta masa.

Tushen tsarin

A Tarayyar Sobiyet aka mai da mai fasaha ma'aikacin hukuma sosai da sosai. An kafa ƙungiyoyin waƙa da rawa da wasan kwaikwayo a masana'antu da gonakin haɗin gwiwa, ana tace su daga gunduma zuwa lardi, daga lardi zuwa jumhuriya, har a kai Mosko. A saman wannan tsani akwai lambobin yabo, kamar Kyautar Stalin da aka fara bayarwa a 1941, sa'an nan jumhuriyoyin tarayyar suka samu nasu, kamar Kyautar Shevchenko da aka kafa a Yukren a 1961. Hukuma ce ke ba da kyauta, kuma ba ta yarda wani ya ba da ita ba da izninta ba. Da aka ba marubuci Boris Pasternak Kyautar Nobel a 1958, matsin da aka yi masa a gida ya sa tilas ya ce ba ya so. Wannan tsani da wannan kishi, su biyun ne za mu sake gani a Afirka.

Gini

A ranar 28 ga Satumba 1958 mutanen Gini suka ƙi amincewa da tayin Janar de Gaulle na zama cikin ƙungiyar Faransa, suka karɓi mulkin kai ranar 2 ga Oktoba ƙarƙashin Ahmed Seku Ture. Faransawa suka kwashe kayansu da ma'aikatansu cikin fushi. Seku Ture ya ga cewa ƙasar da aka ce ba za ta iya tsayawa da ƙafarta ba tana bukatar abin da za ta yi alfahari da shi, sai ya juya ga kiɗa. Aka rushe ƙungiyoyin makaɗa masu zaman kansu da ke kwaikwayon kiɗan Faransa a gidajen rawa, aka kafa ƙungiyar makaɗa ta ƙasa a 1959, sa'an nan aka kafa wa larduna fiye da 30 kowane da tasa. Gwamnati ce ke sayen jita da ƙaho da ganguna. Sharaɗin shi ne a ɗauko waƙoƙin gargajiya na yankin, a yi su da kayan kiɗan zamani, cikin harsunan ƙasa.

Ana fara gasa daga ƙananan rassan jam'iyya, a hau zuwa lardi, a ƙare da babban biki a Konakiri. Ladan wanda ya yi ta cin gasa shi ne a ɗaga shi zuwa matsayin ƙungiyar ƙasa, a kai shi babban birni, a yanka masa albashi. Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na Bembeya Jazz. An kafa ta a 1961 a Beyla, wani gari can kudu maso gabashin ƙasar, nesa ƙwarai da Konakiri, kuma sunan kogin garin ta ɗauka. Ta zo ta ɗaya a 1964 da 1965, aka mai da ita ƙungiyar ƙasa a 1966. Cikin 'yan shekaru sunanta ya game Afirka ta Yamma, har lokacin da babban mawaƙinta Abubakar Demba Kamara ya rasu a haɗarin mota a Dakar a 1973 ƙasa duka ta yi makoki. Ba don tsanin gasa ba, da wuya a ce samarin Beyla su kai inda suka kai.

Gwamnati ta kuma kafa kamfanin faifai nata, mai suna Syliphone, wanda ya fitar da faya-fayai fiye da 150 kafin 1984, ban da dubban waƙoƙin da gidan rediyo ya ɗauka.

To, amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Waƙoƙi masu yawan gaske na wannan zamani yabon jam'iyyar PDG ne da shugabanta da tsare-tsarenta. Sunan kamfanin faifan ma daga giwa aka samo shi, alamar jam'iyya. A daidai lokacin da ake hawa dandamali da raye-rayen gargajiya a Konakiri, jami'an jam'iyya suna shiga ƙauyukan kurmi suna ƙone dodanni da kayan tsafin da raye-rayen suka samo asali daga gare su, da sunan yaƙi da camfi. Makaɗin da ransa ya ɓaci ba shi da wata ƙofa a cikin ƙasar, sai dai ya yi shiru ko ya yi gudun hijira. Ko kusanci da fada bai zama kariya ba. Fodeba Keita, wanda ya kafa shahararriyar ƙungiyar rawa ta Ballets Africains, ya kuma riƙe manyan muƙaman minista, an kama shi a 1969, aka tsare shi a sansanin Boiro, aka kashe shi.

Seku Ture ya rasu ranar 26 ga Maris 1984. Mako guda bayan haka soja suka karɓi mulki. Syliphone ya rufe, tallafi ya yanke, ƙungiyoyin larduna suka watse ɗaya bayan ɗaya. Makaɗan da suka shekara 20 suna karɓar albashi suka wayi gari ba ubangida, ba su kuma saba neman wani ba.

Mali

Modibo Keita, wanda ya mulki Mali daga 1960 zuwa 1968 bisa aƙidar gurguzu, ya kafa Makon Matasa a 1962. Tsarin iri ɗaya ne da na Gini: a fara daga ƙaramar gunduma, a hau babbar gunduma, a hau lardi, a haɗu a Bamako. Ana karawa a fannoni daban-daban, da suka haɗa da wasan kwaikwayo, da rawar gargajiya, da waƙar taro, da waƙar mutum ɗaya, da kiɗan zamani. Ali Farka Ture, wanda daga baya duniya ta san shi har ya ci lambar Grammy, a ƙungiyar gundumar Niyafunke ya yi ƙuruciyar fasaharsa, kuma a tafiyar da ya yi zuwa Sofiya ta ƙasar Bulgeriya a 1968, yana wakiltar Mali, ya sayi jitarsa ta farko.

Abin sha'awa game da Mali shi ne gasar ta rayu bayan gwamnatin da ta haife ta. Musa Traore ya kifar da Modibo a watan Nuwamba 1968, amma bai rushe tsarin ba. Ya sake masa suna, ya mai da shi bikin da ake yi bayan shekara biyu-biyu daga 1970. A ƙarƙashinsa ne ƙungiyoyin larduna irin su Super Biton ta Segu da Kanaga ta Mopti suka yi tashe. Dalili kuwa a fili yake: kowace gwamnati tana son dandalin da za ta tara matasan ƙasa su yi mata waƙa. Abin da ya karya bikin shi ne talauci da rikici. Bayan na 1988 aka daina, a zamanin tsuke bakin aljihu, ga tawayen arewa na 1990, ga faɗuwar Traore a 1991. Sai a 2003 aka farfaɗo da shi, kuma ko bayan nan yaƙi ya sake katse shi shekaru da dama kafin a yi na Mopti a 2023.

Nijar

Nijar ba ta taɓa kiran kanta ƙasar gurguzu ba, amma Saini Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya ga amfanin irin wannan tsani. Bai shigo da baƙon suna ba. Ya ɗauki Samariya, tsohuwar ƙungiyar matasan Hausa mai Sarkin Samari, ya shimfiɗa ta a ƙasa duka, ya ɗora mata aikin gayya da wasanni. A 1975 aka yi gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci. A 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram, inda jihohi ke karawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, ana kewayawa da shi daga wannan babban gari zuwa wancan. A wannan zamani ne wasan kwaikwayon Hausa na su Yazi Dogo ya shiga gidaje ta rediyo da talabijin.

A 1987 aka kafa gasar kiɗan zamani, aka sa mata sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin gargajiya na ƙasar Tawa. Zaɓen sunan kansa saƙo ne: ana gaya wa saurayi mai jita cewa ya daina kwaikwayon Kwango da Kuba, ya waiwayi abin da ke bayan gidansu. Ba da daɗewa ba aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. A wannan yanayi aka samu su Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda waƙoƙinsa suka cika kasuwannin arewacin Nijeriya cikin shekarun 1990, da Fati Mariko, da Yakuba Mumuni wanda ya jagoranci ƙungiyar Mamar Kassey daga 1995.

A nan akwai abin nazari. Gasar Ɗan Gurmu ta sha tsayawa da tashi, bisa ga halin baitulmali da sauyin gwamnatoci. Kokawa kuwa, wadda a yau ake kira gasar Takobi, ta ɗore kusan kowace shekara, kuma har a Nijeriya ana kasa kunne a rediyo domin jin wanda ya kayar. Me ya bambanta su? A ganina abu biyu ne. Na farko, hukuncin kokawa a gaban kowa ake yin sa, wanda ya faɗi ya faɗi, ba a jiran wasu alƙalai su fito daga ɗaki da takarda. Na biyu, kokawa tana da iyayengiji da yawa: 'yan kasuwa da sarakuna da talakawan jiha kowa na zuba wa ɗan kokawarsa kyauta, don haka ba gwamnatin da za ta iya barinta ta mutu ba tare da jama'a sun tambaye ta dalili ba.

Riba da hasara

Idan muka tattara misalan nan uku, ribar gasar larduna ta kasu uku. Ta shimfiɗa hanya daga ƙauye zuwa babban birni wadda ba ta bukatar sanin wani babba. Ta sa kayan aiki a hannun wanda ba zai iya saye ba. Ta kuma ɗauki muryoyi ta ajiye. Hasararta ɗaya ce, amma babba: ta tattara iyayengiji da yawa ta mai da su guda. Ubangida guda kuwa shi ke zaɓen abin da za a faɗa, kuma ranar da ya faɗi kowa ya faɗi tare da shi.

Wannan ciwo bai tsaya ga gurguzu ba. A nan gida an kafa Kyautar Injiniya Bashir Ƙaraye ta rubutun Hausa a 2007, marubuta suka yi murna, ta yi 'yan shekaru ta tsaya. Duk kyautar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya ko ofishi ɗaya, tsawon ranta bai wuce tsawon ƙarfinsa ba.

Me ya rage daga Gini ta Seku Ture? Lambobin yabo sun yi tsatsa, jam'iyya ta zama tarihi. Abin da ya rage shi ne abin da aka ɗauka a faifai da zaren rikoda. Tsakanin 2008 da 2013 wani manazarci ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, tare da taimakon Babban Ɗakin Karatu na Ingila, ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 daga ma'ajiyar gidan rediyon Konakiri, aka kuma sa su a intanet domin a saurara. A cikinsu akwai na ƙananan ƙungiyoyin larduna da ba su taɓa cin komai ba. Watau amfanin gasar mafi ɗorewa bai tsaya ga wanda ya zo na ɗaya ba.

Komowa gida

Tun 1970 Nijeriya take da bikin fasaha da al'adu na ƙasa inda jihohi ke karawa, kuma Zamfara ta zama jiha tun 1996. Amma tsaninmu daga sama yake farawa. Ma'aikatar jiha ce ke haɗa tawaga a babban birni ta tura, ba a tace ta daga gunduma ba. Makaɗin noma na Gwashi, ko mai waƙar daka a wani ƙauyen Gummi, ko almajirin da ke rubuta waƙa da ajami a Anka, ba matakalar da za ta kai shi ko da hedikwatar ƙaramar hukumarsa.

Lamarin kuwa ya zama na gaggawa. Fiye da shekara 10 ke nan 'yan bindiga suna tashin ƙauyuka a wannan yanki, garin Anka ya cika da waɗanda suka baro gidajensu. Kiɗan Hausa kiɗan sana'a ne da buki. Inda aka daina gayya, kiɗan noma ba shi da wurin zama. Inda aka daina dambe bayan kaka, ba mai koyon kirarin 'yan dambe. Tsohon makaɗin da ke zaman hijira bai rasa gonarsa kaɗai ba, ya rasa dandalin da yaransa za su koya daga gare shi. Wannan yanki ne fa da ya haɗa da Bakura da Maradun, ƙasar su Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru.

Saboda haka, in har masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum da ƙananan hukumominsu za su yi tunanin kafa gasa ta yanki, ina ba da shawarar sharuɗɗa huɗu, kowane daga darasin da muka gani.

Na farko, a fara daga ƙasa, daga gunduma, har da matsugunan 'yan gudun hijira, kuma a buɗe fannoni ga makaɗan sana'a da mata da marubuta waƙa, kowa cikin karin harshensa na Zamfarci, ba tare da an tilasta masa Hausar littafi ba.

Na biyu, kuɗin ya fito daga hannuwa da yawa. A kafa asusu mai amintattu, ƙaramar hukuma ta sa, fada ta sa, 'yan kasuwa da 'yan asalin yankin da ke zaune a birane su sa, yadda janyewar ɗaya ba za ta kashe gasar ba. Ƙaramar kyauta da ake bayarwa kowace shekara ta fi babbar da za a yi sau biyu a manta.

Na uku, a bayyana sunayen alƙalai da ma'aunin hukunci tun kafin a fara, a yi hukunci a gaban jama'a, kada a yanka wa mawaƙi jigo, kada kuma a karɓi waƙar yabon wanda ke kan kujera a lokacin. Yabo yana da kasuwarsa, ba ya bukatar tallafi.

Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, a ɗauki muryar duk wanda ya shiga, ko ya ci ko bai ci ba, a rubuta sunansa da garinsa da wanda ya koya masa, a ajiye kwafi a wurare biyu aƙalla, misali Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Abin da Gini ta kafa kamfani sukutum domin ta yi, yau wayar hannu tana iya yin sa.

Kammalawa

Ya ku ma'aikatan gwamnati, ku ne za a ba takardar irin wannan shiri ku tsara, kuma a teburinku ne za a yanke ko za ta zama gasar jama'a ko ta mai girma wane. Ku kuma ɗalibai, ba sai kun jira an kafa gasa ba. Kowane ɗayanku ya san wani tsoho ko wata tsohuwa a garinsu da ke riƙe da waƙoƙin da ba kowa ya iya ba. Hutun da ke tafe ku je ku gaishe su, ku nemi izninsu, ku ɗauka, ku rubuta, ku kawo sashe mu ajiye.